A Riƙa Duba Yatsu Bayan Tiyatar Kafaɗa

Tun da likitan nan na Japan, Masaki Watanabe, ya kyautata na'urar leƙa cikin gaɓa a shekarun 1950, aka soma da gwiwa har hikimar ta iso kafaɗa, ɗinke jijiyar da ta yage ya sauƙaƙa ƙwarai, domin yanzu ƙananan ƙofofi kawai ake hudawa, a zura na'urar da kayan aiki, a mayar da jijiyar bisa ƙashinta. Wannan ni'ima ce babu shakka, amma ƙanƙantar tabon ta sa da yawa sun ɗauka al'amarin ya ƙare a kafaɗa, alhali kuwa jijiyoyin da ke kai ji da motsi zuwa yatsu daga wuya suka taso, ta nan kuma suka ratsa.

Mutuwar hannu a yinin farko galibi aikin allurar kashe zafi ne da ake yi a gefen wuya, kuma takan sake cikin kwana ɗaya. Abin lura shi ne abin da ke biyo baya, lokacin da hannu ke rataye a ƙirji mako huɗu zuwa shida, gwiwar hannu a lanƙwashe, ruwa yana taruwa a yatsu: wani ƙaramin yatsansa ne zai riƙa minjirya saboda jijiyar da ta matsu a gwiwar hannu, wani babban yatsa da manuniya saboda matsi a wuyan hannu, wani kuma yatsa zai maƙale sai an miƙe shi da ƙarfi, musamman mai ciwon sukari. Mafi muninsu ita ce larurar da Paul Sudeck na Jamus ya siffanta a 1900, inda hannu kan kumbura, ya canza launi, ya riƙa zugi kamar wuta har shafar riga ta zama azaba, kuma gwargwadon jinkirin gano ta, gwargwadon wuyar maganinta.

A ra'ayina, wajibi ne likita ya bayyana wa majiyyaci duk wannan tun kafin ya sa hannu a takardar yarda, ya duba yatsunsa kafin aiki da bayansa, ya koya masa dunƙule hannu da buɗe shi tun daga kwanakin farko, domin hannun manomi ko tela ko marubuci shi ne abincin iyalinsa, kuma amana ce a wuyan wanda ya karɓi jinyarsa. Na fi jin tausayin 'yan'uwanmu da ke zuwa Indiya ko Masar a yi musu aikin, su dawo gida babu mai bibiyarsu, in hannu ya kumbura 'yan dubiya su ce a yi haƙuri. Haƙuri ibada ne, amma Shari'a ba ta raba tawakkali da riƙon sababi ba.

Saboda haka duk wanda aka yi wa wannan aiki, idan ya ga kumburi yana ƙaruwa, ko yatsu sun ƙi lanƙwasuwa, ko minjirya ta ƙi sakinsa, kada ya jira ranar da aka rubuta masa. Ya nemi likitan ƙashi mafi kusa da shi tun da wuri.