Muƙamuƙin da harsashi ya farfasa ba aikin mai ɗori ba ne

A Akwatialine da ke Kumasi, kamar a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, idan yaro ya faɗo daga babur ya karye a hannu, sunan mai ɗori ake fara ambata kafin na likita. Masu ɗori sun yi wa jama'a aiki shekara da shekaru, babu mai musun wannan. Amma akwai karayar da kai ta wurinsu ganganci ne da rai, kuma babbarsu ita ce ta muƙamuƙin da harbin bindiga ya samu.

Maganar harbi ba baƙuwa ba ce a yankin nan. A Fabrairun 2019 an buɗe wuta a ofishin jam'iyyar NDC na jihar Ashanti a Kumasi, mutum ɗaya ya rasu. A Yunin 2021 sojoji sun harbi masu zanga-zanga a Ejura, biyu suka mutu, wasu suka jikkata. Ga 'yan fashin hanya, ga bindigogin da maƙera ke ƙerawa a ɓoye, ga bindigar toka da ake harbawa a bukukuwan sarauta da jana'iza, wadda kan tarwatse a hannun mai riƙe da ita dab da fuskarsa.

Harsashi ba ya karya ƙashi gida biyu kamar yadda faɗuwa ke yi. Rugurguza shi yake yi, ya yaga nama, ya watsa gutsattsarin haƙora cikin raunin, ya kuma buɗe wa ƙwayoyin cutar baki hanya zuwa ƙashi. Abin da ya fi saurin kisa shi ne toshewar numfashi. Harshe a gaban muƙamuƙin ƙasa yake ɗaure, to idan wurin ya farfashe sai harshen ya zame baya, jini ya taru a maƙogwaro. Kwantar da irin wannan mutum rigingine a bayan keke mai ƙafa uku na Pragya na iya kashe shi kafin a isa asibiti a Bantama. Idan yana cikin hayyacinsa a zaunar da shi ya sunkuyo gaba, idan ya suma a kwantar da shi ta gefe fuska na kallon ƙasa, a danne wurin jinin da ƙyalle mai tsabta. Kada a ba shi ruwa, kada a barbaɗa garin magani ko toka. A kira 112, ko a nufi asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, kai tsaye.

A can likitoci numfashin suke fara ceta, wani lokaci ta hanyar huda maƙogwaro su sa bututu. Sai tsayar da jini, allurar rigakafin tetanus, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da hoto. Daga nan a shiga ɗakin tiyata a wanke raunin, a cire mataccen nama da tarkace. Ba kowane harsashi ake tonowa ba, wanda ya maƙale kusa da babbar jijiya akan bar shi idan cire shi ya fi haɗari.

Gyaran ƙashin kansa ya danganta da girman ɓarnar. Tsohuwar hanya, wadda har yau take aiki, ita ce a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya, baki ya kasance a rufe mako huɗu zuwa shida. Tana da sauƙin kuɗi, amma majinyaci sai dai ya zuƙi koko da romo ta tsakanin haƙora, ya rame, kuma amai a wannan hali haɗari ne. Hanya ta biyu ita ce a buɗe wurin a daidaita ƙasusuwan, a riƙe su da siririn ƙarfen titaniyom da ƙananan kusoshi, mutum ya samu buɗe baki da wuri. Idan kuwa harsashi ya tafi da wani yanki na ƙashin ɗungurungum, sai a sa ƙarfe mai kauri ya riƙe siffar fuska, bayan raunin ya lafa a ɗebo ƙashi daga ƙugu ko haƙarƙari a cike gurbin. Tun 1989, lokacin da likita David Hidalgo na Amurka ya bayyana dabarar, ana iya yanko siririn ƙashin ƙafa tare da jijiyoyin jininsa a dasa a fuska, sai dai aiki ne na sa'o'i masu yawa da ke buƙatar ƙwararru da madubin ƙara girma. Fannin gyaran fuska ya bunƙasa ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda Harold Gillies ya yi ta gyara fuskokin sojoji a asibitin Sidcup na Ingila daga 1917. Kumasi ma tana da masu wannan ilimi, irin su Farfesa Peter Donkor na jami'ar KNUST.

To me ke hana mutane zuwa da wuri? Na farko tsoron 'yan sanda. Zango bai manta da matasa bakwai da 'yan sanda suka harbe a yankin Manso Nkwanta a Yulin 2018 ba, waɗanda kwamitin gwamnati ya ce bai ga hujjar cewa 'yan fashi ne ba. Tsoron yana da tushe. Duk da haka, ɓoye mai rauni a ɗaki na iya jawo ruɓewar ƙashi, ko haɗewarsa a karkace har haƙora su daina haɗuwa, kuma gyaran wannan ya fi na farko wuya da tsada.

Na biyu kuɗi. Ƙarfen titaniyom daga waje ake shigo da shi, kuma inshorar lafiya ta NHIS ba ta biyan haƙoran roba, waɗanda yawancin masu irin wannan rauni ke buƙata daga baya. Direba ko mai sayar da tsoffin ƙarafa da ya yi wata biyu bai fita nema ba, ina zai samo?

A nan ne nauyi ya hau kan al'umma. Masallatan Juma'a da ƙungiyoyin 'yan kasuwar katako da ƙarafa na Akwatialine sun saba haɗa gudummawar biki da rasuwa, don haka ware asusun jinyar gaggawa bai fi ƙarfinsu ba. Sarakunan Zango da limamai su zauna da masu ɗori su yi yarjejeniya cewa duk raunin bindiga, musamman na fuska, asibiti za a tura shi nan take, kuma wani dattijo ya raka iyalin idan 'yan sanda sun zo da tambayoyinsu.