Ba Kowane Itace Ake Bandar Nama Da Shi Ba

An sassabe bishiyar furen da ke tsakar gida, rassan sun bushe, ga naman layya yana jiran banda, ga gawayi ya yi tsada. Kafin ki hura wuta, dakata tukuna.

Nama yana shan hayaƙi, hayaƙi kuma yana ɗauke da abin da ke jikin itacen. Akwai furen kwalliya da Turawa ke kira oliyanda, mai dogayen ganye sirara da fure ja-ja ko fari, da ɗan'uwansa mai fure rawaya kamar ƙararrawa. Dukansu dafi ne tun daga saiwa har fure, dafin kuma zuciya yake taɓawa, bushewa ba ta kashe shi. Ko tsinken tsire kada a fiƙe daga jikinsu.

Ki karya ɗanyen reshe ki duba. Idan farin ruwa kamar madara ya fito, irin na tumfafiya ko tinya, ki nisanta shi da murhu. Amma rashin wannan ruwa ba ya wanke itace. Haka ma wanda aka yi wa feshin maganin ƙwari, da katako mai fenti.

Mafi aminci shi ne busasshen icen gwaiba ko lemu, ko kirya da marke da iyayenmu suka saba da su. Bishiyar da ba ki san sunanta ba, ki bar ta a adonta. Gara kuɗin gawayi da kuɗin asibiti.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.