SHARHI: Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa Na Jiran Kuɗi Da Ma'aikata

A watan Janairun 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Da wannan sa hannu aka soke dokar 1958, wadda tushenta ke komawa zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma take kallon mai taɓin hankali a matsayin abin killacewa maimakon majinyaci. Sabuwar dokar ta tanadi kare haƙƙin majinyata, ta umarci a kafa sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, sannan ta tanadi asusu na musamman domin gudanar da aikin.

Sai dai Najeriya ta saba da kyawawan takardu. Tun 1991 manufar ƙasa ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko, amma har yau mai fama da ciwon damuwa a ƙauye da wuya ya samu wanda zai gane cutarsa a asibitin sha-ka-tafi. Nauyin ya taru kan 'yan asibitocin ƙwararru na tarayya, irin su Aro a Abeokuta, Yaba a Legas, Kware a Sokoto, da na Kaduna da Maiduguri. Likitocin fannin kuwa ba su kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Inda asibiti ya yi nisa, mari da sarƙa ke cike gurbin. Samamen da 'yan sanda suka kai wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, a Satumbar 2019, inda aka kuɓutar da ɗaruruwan mutane, ya nuna irin wuraren da iyalai ke kai nasu idan dabara ta ƙare.

Ba sai an je nesa neman mafita ba. A 1954, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara jinyar marasa lafiya a ƙauyukan Aro, suna zaune tare da danginsu, tsarin da duniya ta yaba. Ghana ma, bayan dokarta ta 2012 da ta kafa hukuma mai zaman kanta, ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka a 2023. A Najeriya, Sashe na 327 na kundin laifuffukan Kudu da Sashe na 231 na kundin Arewa sun tanadi hukuncin da ka iya kai ɗaurin shekara guda kan wanda magani yake buƙata.

Abin da ya rage yana kan teburin jami'an Abuja. Wajibi ne sashen da doka ta ambata ya samu ma'aikata da gurbinsa a kasafin kuɗi, a kuma riƙa sakin kuɗin a kan lokaci. Ya kamata Hukumar Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta horas da ma'aikatan jinya su gane cutar su kuma fara magance ta, Hukumar Inshorar Lafiya ta tabbatar magungunan sun isa ga masu inshora. Majalisun dokoki su gyara sassan nan biyu, jihohi kuma su zartas da tasu dokar.

Daraktan da ke rubuta takardar neman amincewa da hadimin da ke tsara wa minista abin da zai fara dubawa su ne za su yanke ko dokar 2023 za ta bi sahun manufar 1991.