Wai-Wai Ba Ya Gina Wa Ɗan Maraya Gida

Watan Yuni wata ne na juyayi ga masu son waƙar Hausa. A ran 18 ga wannan wata, cikin 1999, Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa, aka rufe shi a Daura. A ran 20 ga wata kuma, cikin 2015, Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos ya koma ga Mahaliccinsa. Abin takaici shi ne lokacin juyayin nan ya zama kakar 'yan ji-ta-ji-ta.

A Mararaba, garin da ke bakin Abuja ta wajen Jihar Nasarawa, inda hanyar Jos ta ratsa, magana takan tashi daga teburin mai shayi ko tashar mota. Wai za a gina wa mai kuntigi gidan tunawa, wai har an yanki fili, wai kuɗi sun fito wasu sun yi sama da faɗi da su. Kafin magariba wayar hannu ta kai zancen Sabo ta Ibadan da Agege da Fatakwal, kowa ya ƙara masa gishiri. Su kuwa 'yan ƙalilan daga cikin masoya marigayin da sukan tsaya su nemi hujja, sai a ce da su mahassada.

Lalle waɗannan masu tambaya su ne masoyan gaskiya, kuma ya kamata a goya musu baya. Wai-wai yana cutar talaka ta fuska biyu. Yana sanyaya jikin jama'a su zaci an riga an yi aiki, ta haka masu mulki su sami hutun da ba su cancanta ba. Kana yana buɗe ƙofa ga 'yan damfara, masu yawo da kokon taimako da sunan mamaci, su karɓe gumin ɗan dako da mai gadi.

Gano gaskiya kuwa ba wuya gare shi ba. Aikin gwamnati yana da takarda. Wace ma'aikata ce ta ɗauki nauyinsa? A kasafin kuɗin wace shekara aka sa shi, kuma nawa aka ware? Ina filin yake? Tun 1979 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi, kuma tun 1952 akwai gidan tarihi a Jos. Sa'an nan dokar 'yancin neman bayani ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa iko ya rubuta wa ma'aikatar Gwamnatin Tarayya tambaya, ta kuma wajabta a amsa cikin kwana 7. Maganar da ta kasa tsallake waɗannan tambayoyi, a bar ta a teburin mai shayi.

Mazauna Ikko ba sa bukatar a ba su labari. Iyalan Fela Kuti da masoyansa ba su zauna jiran wai-wai ba. Tun 1998 suke taron tunawa da shi kowace shekara, kuma a 2012 aka mai da gidansa na Ikeja gidan tarihi, da taimakon gwamnatin jihar. Mutum-mutumin da aka kafa masa a shatale-talen Allen a 2017 kuwa, daga baya an ɗauke shi don gyaran hanya. Watau kankare a tsakiyar titi ba shi da tabbas. Abin da ke daɗewa shi ne gida mai kaya a ciki da masu tsaronsa.

Wannan ya isa amsa ga masu cewa Musulmi ba ya kafa gunki. Gaskiyarsu ce, kuma ba wanda ya nemi gunki. Abin da ake bukata ɗaki ne da za a adana faya-fayai da kasa-kasai da hotuna da kuntigin kansa, a rubuta waƙoƙin, a buɗe wa ɗalibai ƙofa. Kaset yana lalacewa da zafi da raɓa, abokan tafiyar mawaƙin kuma suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kowace shekarar da aka ɓata a kan wai-wai, an yi asarar abin da ba ya dawowa. An ga amfanin himma a kan Shata, domin a 2006 marubuta huɗu, cikinsu har da Ibrahim Sheme, suka fitar da littafin tarihinsa, *Shata Ikon Allah*, bayan doguwar wahalar bincike.

Ɗan Maraya bai cancanci ƙasa da haka ba. Maraya ne da Sarkin Hausawan Bukuru ya riƙa, ya tashi da kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya tak, gwangwani da fata, ya zagaya duniya da shi. Ya yi wa karen mota waƙa a zamanin da yawancin makaɗa ke bin fada. Ya yi faɗa a kan auren dole. Har gulma sai da ya keɓe mata waƙa don ya nuna sharrinta. Ashe ba abin kunya ba ne a ce da gulma ake tunawa da shi?

Saboda haka 'yan Arewa mazauna Kudu, waɗanda muryar mutumin nan ta ɗebe wa kewar gida shekara da shekaru, suna da aiki a gabansu. Kada kowa ya ba da ko kwabo sai ya ga rasiɗi da sunayen amintattu. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa su haɗa kai da sarakunan Hausawa na garuruwansu, su rubuta wa hukuma a takarda, su nemi amsa a takarda. Wanda ke da tsohon faifai ko kaset ya adana shi, ya sa a kwafe. Kowane ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a da alkawarin gidan tunawa, a tambaye shi shafin kasafin kuɗi. In ya kasa nunawa, to, an san inda wai-wai ke fitowa.