Filin Masu Sana'a: Mai Sayen Kurfi Ya Dubi Baki, Ya Dubi Kai

A wannan mako filin ya juya ga wani ɗan ƙaramin kayan aiki wanda ba a cika kula da shi ba sai ranar da ya yi ɓarna. Maƙera sun san shi da sunan kurfi, makanikai da masu walda kuwa cizal suke ce masa. Da shi ake sare noti wanda ya yi tsatsa ya ƙi kwancewa, da shi ake yanka fallen ƙarfe, da shi kuma ake kankare abin da walda ta bari. Abin nufi a nan shi ne kurfin da ake saran ƙarfe mai sanyi da shi, ba na maƙera wanda ake saran jan ƙarfe daga wuta ba, balle na magina masu fasa bulo.

Duk wanda ya shiga kasuwar kayan ƙarfe, kamar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, zai tarar ana sayar da shi ɗai-ɗai, ana kuma sayar da shi saiti guda cikin jaka. Sau da yawa mai saye yakan tsaya ga ƙirga yawan abin da ke cikin jakar, alhali kuwa ba a nan alherin yake ba. Kurfi nagari shi ne wanda bakinsa ke da tauri, kansa kuma ke da taushi. Wanda ya gane wannan, to, ya gane rabin ciniki.

Dalili kuwa shi ne, ana ƙera shi da ƙarfe mai sinadarin kabon da yawa, watau kusan kashi 0.8 cikin 100, ko kuwa wanda aka gauraya da kuromiyam da banadiyam, shi ne ake ganin haruffan Cr-V a jikinsa. Bayan an ƙera sai a gasa bakin ya yi ja, a tsoma cikin ruwa ko mai, sa'an nan a sāke ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 260 zuwa 280 a ma'aunin Salshiyos, har launinsa ya koma ruwan makuba. Wannan ɗumamawa ta biyu ita ke hana shi fashewa kamar tangaran. Kan da guduma ke duka kuwa, da gangan ake barinsa da taushi, domin in tauri ya haɗu da tauri, ɗayansu sai ya tsage.

Saboda haka mai saye ya tafi kasuwa da ɗan magagari a aljihu. In ya goga a kan kurfin, ya kamata magagarin ya ci sosai. In ya goga a bakin kuwa, ya kamata ya riƙa zamewa, ko ya ci da ƙyar. Wanda magagari ya ci bakinsa kamar rodi, to, sara biyu ko uku zai lanƙwashe. Wanda kuma kansa ya ƙi cin magagari, shi ne ya fi haɗari. Haka nan a juya shi a rana a duba ko akwai tsaga, a kuma zaɓi mai jiki kusurwa 6 ko 8, don ya fi zama a hannu, ba ya kuma gangarawa daga tebur.

Game da iri kuwa, guda 4 ne aka sani. Akwai mai faffaɗan baki, wanda shi ne ke ɗauke da yawancin aiki. Akwai mai siririn baki, na fitar da kwari a jikin ƙarfe. Akwai mai baki kamar rabin da'ira, na yin hanyar da mai zai bi. Akwai kuma mai tsini, na share lungu da kusurwa. Ga makanike ko mai walda, faffaɗa guda 3, mai milimita 10 da mai 16 da mai 25, watau inci ɗaya, tare da siriri guda, sun isa. Saiti mai guda 12 wanda bai kai kuɗin nagari guda 3 ba, abin a yi tunani ne, gama araha ba ta ado.

Sai kuma a lura da kaifin baki. Don saran ƙarfen yau da kullum, ana wasa shi a kan kusurwa mai digiri 60. Tagulla da jan ƙarfe sun fi son wajen digiri 45 zuwa 50, alminiyam kuwa wajen 30. Bakin da aka wasa siriri kamar wuƙa zai karye a jikin noti. In ana washi da inji, a riƙa tsomawa cikin ruwa a kai a kai, domin da zarar bakin ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi ke nan.

Ba kuwa lalle sai na kanti ba. Maƙeranmu sukan ƙera kurfi da tsohon sifirin mota, kuma in maƙeri ya san hannunsa yakan yi kyau ƙwarai, don ƙarfen sifiri yana karɓar tauri. Amma fa wanda aka yi da guntun rodin gini ba abin dogara ba ne, saboda galibi kabon ɗinsa bai isa ba.

Babban abin tsoro shi ne ido. Yau da gobe kan kurfi yakan baje ya yi lema, gefensa ya tsattsage, rana ɗaya guduma ta sauka sai ɓarɓashi ya tashi kamar harsashi. Sau da yawa ba mai saran yake samu ba, sai yaron da ke riƙe da aikin. Hakki ne a kan kowane maigidan gareji ya sa a goge wannan lema tun tana ƙarama, ya tanadi tabarau na aiki ga mai sara da mai riƙo duka, ya kuma hana amfani da gudumar kafinta. Gudumar da ta dace ita ce wadda fuskarta ta fi kan kurfin faɗi da wajen milimita 10. Iyaye sun ba da ɗansu amana don ya koyi sana'a, ba don ya komo gida da ido ɗaya ba.

Kurfi in ya lalace akwai wani a kasuwa, ido kuwa ba a sayar da shi. Allah ya sa albarka a sana'a, ya tsare masu ita, amin.