Gaggawar Korar Koci a Jami'o'in Amurka

A gasar ƙwallon Amurka ta jami'o'i, wadda ake runguma a ruga da ita, sallamar babban koci ta zama maganin kowace kaka da ta ƙi daɗi. Muna ganin wannan gaggawa ta fi ɓarna. A 2023 jami'ar Texas A&M ta kori Jimbo Fisher, ta ɗauki nauyin biyansa sama da dala miliyan 75, kuɗin zama a gida. Asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba: mataimakan kocin da aka kora kan bi shi, ɗaliban da ya yi zawarci su janye alƙawari, wasu 'yan wasan su koma wasu jami'o'i, sabon koci ya fara gini daga tushe.

Za a ce ai jami'ar Alabama ta ɗauko Nick Saban a 2007, ya ci mata kofin ƙasa shida. Gaskiya ne, amma Saban nawa ke kasuwa? Jami'ar Nebraska ta kori Frank Solich a 2003 bayan ya ci wasa 9 cikin 12, wai bai isa ba. Koci bayan koci sun zo sun tafi, kuma rabonta da kofin rukuninta tun 1999.