Galahanga Ba Ta Ƙarewa da Ƙuruciya

Tun 1943 da likita Leo Kanner ya bayyana galahanga a Amurka, yara aka fi dubawa, sai ka ce yaron ba zai girma ba. Ya girma, yana cikinmu: magidancin da hayaniyar biki ke gigita shi, matar da haɗa ido ke yi mata nauyi, ana ce musu miskilai ko masu aljanu. Wasu za su ce gwajin babba ɓata lokaci ne tunda galahanga ba ta da magani. Haka ne, ba ta da magani, amma wanda ya san halittarsa yakan daina zargin kansa, ya zaɓi sana'ar da ta dace da shi, dangi su daina jan sa gidan boka. Asibitocin ƙwaƙwalwarmu su buɗe wa manya ƙofar gwaji.